Wuƙar Barau da Zuciyar Saniya

An ce wai a wani ƙauye an yi wani dagaci, Malam Jatau, mai sanyin magana da nisan tunani. Wata safiya aka kira shi gidan Barau, inda saniyar da mahaifiyarsu ta rasu ta bari ta lashi maganin feshi, ta kwanta tana dalalar da miyau.

Barau ya riga ya wasa wuƙa. Ba mugu ba ne, shi dai mutum ne da ba ya son asara, ko ƙwayar gero ce ta faɗi sai ya tsince ta. Ƙanwarsa Kande kuwa ta rungume wuyan saniyar tana hawaye.

Likitan dabbobin da aka kira ya cire abin sauraron ƙirji daga kunnensa, ya ce, "Ranka ya daɗe, bugun zuciyarta ya yi sanyi ƙwarai. Allurar atrofin kan tayar da bugun. Amma ban yi alkawari ba, kuma in na yi mata, ba a cin namanta."

Barau ya ce, "Ka ji ko, Baba? A bari in yanka kafin ta zama mushe."

Dagaci ya ce, "Kai ne babba, magana taka ce. Sharaɗina ɗaya: ka saurari ƙirjinta tukuna, sannan ka yi abin da ka ga dama."

Barau ya durƙusa, aka sa masa abin a kunne. Sai ya ji bugu ɗaya, shiru mai tsawo, sannan wani. Haka taɓaryar Inna, mahaifiyarsu, take sauka a turmi shekarar da ƙarfinta ya ƙare, yana jin ta daga zaure, bai taɓa tashi ya karɓa mata ba. Tausayi ya kama shi har wuƙar ta yi masa nauyi.

Ya ajiye ta, ya ce, "Likita, yi mata."

Aka yi allurar, Barau bai cire abin daga kunne ba. Can bugun ya fara matsowa kusa da juna, miyau ya tsaya. Barau ya jawo hannun Kande ya ɗora a haƙarƙarin saniyar, ya ce, "Ji, ta dawo."

Da aka tambayi dagaci dalilin sharaɗin, sai ya ce, "Mai wuƙa wuya kawai yake kallo, shi ya sa na kai shi ƙirji. Kada mutum ya yanke hukunci a kan rai alhali bai saurari bugunsa ba."