Takunkumin Inna Delu

Ku matso kusa, yau akwai gardama, kada wani ya ce bai ji farko ba.

Inna Delu tsohuwa ce da yanar ido ta rufe wa gani. 'Ya'yanta uku, Sallau da Talle da ƙanwarsu Hanne, suka hau jirgin sama da ita daga Kano zuwa Masar a yi mata aiki. Suna can ƙololuwa sai aka ji ƙara kamar an fasa tulu. Sanyi ya shigo, kunnuwa suka toshe, jirgin ya sunkuyar da kai yana gangarowa. Iskar ciki ce ke zurarewa. Robobin numfashi suka zubo daga rufi suna reto, ko'ina salati da kuka. Ma'aikaciyar jirgin tana ta ihu: "Ku sa takunkumi! Kowa ya fara da kansa!"

Sallau, babbansu, ko lomar tuwo bai taɓa kaiwa baki kafin uwarsa ba. Ya bar nasa, ya cafko nata ya ɗaura mata. Kafin ya waiwayi nasa idonsa ya yi duhu, ya kife.

Inna kuwa kalmar ce ta tsaya mata a rai. "Takunkumi? Jaki kuka mai da ni?" Ta fizge shi ta riƙe gam, numfashinta na sarƙewa. Hanne ta cire nata, ta kai baki kunnen uwar. "Inna, surace ne, irin wanda kike mana in mura ta kama mu. Shaƙa, don Allah." Sai tsohuwa ta saki hannu aka mayar mata.

Amma robar ba iska, don sai an ja igiyarta take kawowa. Talle ne kaɗai ya lura, shi da ya fara sa nasa ko kunya babu, hankalinsa bai gushe ba. Ya finciki igiyar, ƙirjin Inna ya ɗaga. Sannan ya sa wa Sallau nasa.

Da aka sauka lafiya, Inna ta ce gidan wanda ya ceci ranta za ta koma ta ƙarasa kwanakinta. Sai dai tun da ta ji Talle ya fara da kansa, da ƙyar take amsa gaisuwarsa.

To, ku faɗa min, gidan wa ya kamata a kai kayan Inna?