Shafukan da Suka Fito a Kife

Akwai wata budurwa da kowa ke kira 'Yar Fensir, don ko ina ka gan ta da fensir a bayan kunnenta. Allah ya ba ta hannu. In ta zana fuskarka sai ka rantse hoto ne. Matsalar ɗaya ce, ita ma ta san da haka.

Gwaggonta ce ke kula da wani ɗaki a cibiyar unguwa, inda tsofaffi ke haɗuwa duk Asabar suna yin 'yan littattafai. Takarda ɗaya ake ninkewa gida takwas, a ɗan tsaga tsakiyarta da almakashi, a sake ninkewa, sai ta zama littafi kamar tafin hannu. Kowa ya zana rayuwarsa a ciki.

Rannan shugabar cibiyar ta ce za ta karɓe ɗakin a dinga ajiye kujeru, sai dai in sun nuna mata abin kirki Asabar mai zuwa. Hankalin Gwaggo ya tashi, don wasu tsofaffin in ba a ɗakin nan ba, sai su yi sati ba mai ce musu ci kanku. Sai ta roƙi 'Yar Fensir ta zo ta sa musu hannu.

Da zuwanta ta ɗaga zanen wani tsohon direba, ta tambaye shi akuya ce ko kwando. Ya ce motarsa ce, shekara talatin yana tuƙa ta. Ta taɓe baki, ta ce kowa ya ba ta labarinsa kawai, ita za ta zana littafi ɗaya na su duka.

Wata tsohuwa mai ɗinki, da suke kira Inna, ta matso ta ce, "'Yata, fara ninke takardar, ki sa wa shafukan lamba, sannan ki buɗe ki zana."

"Inna, ni fa ba yau na fara riƙe fensir ba."

Inna ta koma mazauninta.

Kwana biyar 'Yar Fensir tana zane a shimfiɗaɗɗiyar takarda, gida takwas, duk a miƙe. Gaskiya zanen ya yi kyau. Ta yi fotokwafi arba'in, ta zo da su ranar Asabar, saura awa ɗaya shugaba ta iso.

Da aka ninke na farko, sai matsala ta bayyana. Shafi huɗu sun fito a kife, sauran kuma sun cakuɗe, ƙarshe ya dawo farko. Ashe layin sama a juye ake zana shi, ninki ne ke miƙar da shi.

Tsohon direba ya juya littafin sama da ƙasa ya ce, "Shekara talatin ban taɓa kifar da mota ba, sai yau da jikata ta kifar da ni."

Ɗakin ya kwashe da dariya. Ita kuwa ta koma bayan ƙofa, hawaye na zuba. Tsofaffi za su rasa ɗakinsu, kuma a dalilinta.

Inna ba ta ce ai na gaya miki ba. Almakashinta ta ciro daga jaka, ta yanka kwafi ɗaya gida takwas, ta ninke farar takarda, ta sa lamba, ta liƙa kowane zane a mazauninsa da gam. Sai ga littafi tsaf. Ta ce kowa ya ɗauki kwafi ya yi haka, kuma ya ƙara nasa zanen a gefe-gefe yadda ya ga dama.

A haka shugaba ta shigo ta same su. Mutum sha biyu, hannu duk gam, ana faɗa a kan almakashi, ana tsokanar juna. Kafin ta buɗe baki wani ya miƙa mata takarda ya ce ta riƙe masa nan kada ya ɓalle. Ta riƙe. Daga riƙewa ta zauna, har ta haɗa guda biyu da hannunta.

Da za ta tafi, ta gaya wa Gwaggo kujeru za su nemi wani wurin.

'Yar Fensir ta durƙusa kusa da Inna, ta roƙe ta ta yafe mata.

Inna ko ɗagowa ba ta yi ba. "Tashi, 'yar nan, gam na bushewa. Miƙo min shafi na shida."

Darasi: Iyawarka ba ta hana ka sauraron wanda ya riga ka a wurin. Wanda ka raina yau, wataƙila shi ne zai rufa maka asiri gobe. In labarin nan ya taɓa ka, tura wa wani, ko shi ma zai ƙaru.