Mahaucin da Ya Ga Garkuwa Tana Sauka

Akwai wani mahauci, tsohon ɗan dambe, wanda ƙarfinsa ya ƙare amma idonsa bai ƙare ba. In manyan 'yan dambe suka kara a lokacin kaka, washegari mutane sukan taru a bakin teburinsa, yana yanka nama yana warware musu wasan: wane ya yi gaggawar kai hari, wane ya ƙi sauya ƙafa a turmi na biyu, shi ya sa aka kai shi ƙasa. Ba ya kuskure, kuma ya san ba ya kuskure.

Ɗan farinsa ma ɗan dambe ne, ƙato, sau tara yana shiga fage gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Amma uban ya ga abin da ba wanda ya gani. Duk sa'ad da ɗan zai kai duka da hannunsa na dama da aka naɗe, sai hannun hagu, wanda ake kira garkuwa, ya sauka ya bar idonsa a fili.

To, a gidansu ana kunyar ɗan fari. Uban ba ya kama sunansa, ba ya zama da shi a tabarma ɗaya, saboda haka bai gaya masa ba. Sai dai bakin gwani ba ya iya riƙe abin da ya sani. Ya faɗa a bakin tebur, har ya kwatanta da hannu, kowa kuma ya ɗauka an riga an gaya wa mai abin.

Ƙanwarsa ta ce, "Yaya, shi fa, ka gaya masa?"

Ya ce, "Ni in zauna da wancan? Zai gane da kansa."

Ashe cikin masu sayen nama akwai mutumin garin abokin karawar ɗansa.

Ranar wasa, a turmi na farko abokin karawar bai kai duka ko ɗaya ba, baya kawai yake ja yana kallon hannun hagu. 'Yan kallo suka ce tsoro ne. Uban ya san ba tsoro ba ne. A turmi na biyu abokin karawar ya sauya, ya kafe ƙafa ya tsaya jira. Uban ya buɗe baki, sunan ɗansa ya zo har kan harshensa, ya dubi jama'a, ya haɗiye. Garkuwa ta sauka, duka ya shiga, idon nan kuwa bai ƙara gani ba.

Bayan kwana bakwai ɗan ya ji labarin abin da aka faɗa a bakin tebur. Ya zo ya durƙusa nesa da tabarma kamar yadda ya saba, ya ce, "Baba, ashe ka gani?"

Ma'anar wannan misali ita ce, mahaucin nan mu ne. Mun ga inda ɗan'uwa ke zamewa, mun iya warware laifinsa a bakin ƙofar majami'a, kowa ya ji ban da shi. Muna kiran abin kunya, ko kara, ko gudun ɓacin rai, alhali Ubangiji ya umarce mu mu je mu same shi, mu biyu kawai. Abin da ke ba ni baƙin ciki, 'yan'uwa, shi ne yawancinmu mun riga mun makara da wani. Allah yana gafarta wa mai tuba, ya kuma gafarta wa tsohon nan. Amma har ya mutu, kullum da safe mai ido ɗaya ne ke durƙusawa ya gaishe shi.