Sarkin da Ya Tsai da Matuƙansa a Cikin Daro

An ce wani sarki na bakin teku ya tara jiragen fatauci da yawa, amma girman kansa ya fi jiragen yawa. Duk sanda matuƙansa suka sauka a tashar sarkin ƙetare, sai 'yan iskan wurin su yi musu jina-jina. Aka ba shi shawara ya tura manzo a sasanta, ya ce shi ba ya fara gai da kowa.

Sai ya fito da tasa dabarar. Ya ce tunda babu mai iya taɓa talakansa a kan rairayin ƙofar fadarsa, kowane matuƙi ya ciko daro da rairayin, in ya sauka can ya shiga ya tsaya. Fadawa suka yi ta jinjina. Abin tausayi, da can matuƙan nan suna samun gudu, yanzu kuwa a tsaye ake jibgarsu.

Akwai wani masani, Malam Jatau, wanda ɗansa guda, Sambo, yana cikin matuƙan, aka dawo da shi ranga-ranga, ga shi an ce da ya miƙe zai koma. Tsoro ya hana tsohon sakat. Ya roƙi wani baƙon matuƙi daga ƙasar sarkin ƙetare rairayin ƙasarsu da ke shimfiɗe cikin jirginsu, ya cika daro da shi ya kai gaban sarki, ya tattare riga ya shiga.

Ya ce, "Ya sarki, dabararka wauta ce."

Dogarai suka zabura. Malam ya ce, "A yi hankali! Rairayin sarkin ƙetare nake kai, a mulkinsa nake."

Sarki ya fusata, ya ce, "Kai tsoho, ni da fadata? In na ga dama yanzu a farfasa maka kai, daron banza zai hana ni?"

"Allah ya ba ka nasara, haka su ma 'yan iskan can suke ce wa Sambo."

Sai sarki ya tambaya da sanyin murya, "To me ya hana a doke ka?"

"Kai ne ba ka ce a doka ba. Baƙo ba shi da mai tsaro sai mai masaukinsa. Su ma nasu matuƙan a tasharka ake karya su, ba ka taɓa tambaya ba."

Kunya ta rufe sarki. Ranar ya sa dogarai gadin baƙin matuƙa, ya tura manzo da gaisuwa, yana cewa, "Adalcin da kake nema wa naka a ƙetare, a ƙofarka ake fara shi."