Kyalla da Kwatarniyar Dusa Mai Maiƙo

An yi wasu shanu biyu a garken wata mata mai suna Hajjo. Su kaɗai aka bari a gida da rani, don sauran sun bi mijinta kudu neman ciyawa.

Ɗaya sunanta Wule. Guzuma ce, haihuwarta takwas, na takwas ɗin ma bai fi sati biyu a duniya ba. Haƙoranta sun fara gajiya, amma haƙurinta bai gaji ba.

Ɗayar kuma Kyalla ce, matashiya mai farin goshi, tana ɗauke da cikin wata shida. Kyalla ba muguwa ba ce. Matsalarta ɗaya: ba ta taɓa ganin abinci a gaban wani ta yarda cewa ba nata ba ne.

Sai kuma Carki, tsuntsun nan mai jan baki da ke yini a bayan shanu yana cire musu kaska. Kaska ce abincinsa, tsegumi ne sana'arsa.

Wata rana malamin dabbobi ya zo a kan babur. Ya duba shanun, ya duba busasshiyar harawar da ake ba su, ya ce wa Hajjo ta riƙa haɗa musu dusa da angurya da ɗan tunkuzar gyaɗa, saboda maiƙon da ke ciki yana ƙara wa saniya ƙarfi da nono.

"Amma ki ji da kyau," in ji shi. "Mai shayarwa gwangwani ɗaya. Wannan mai cikin, rabi ya ishe ta. Idan ta tara kitse kafin haihuwa, daga ke har ita babu wanda zai ji daɗi."

Hajjo mace ce mai kiyaye magana. Kullum da safe takan auna gwangwani ɗaya da rabi, ba ƙari ba ragi. Sai ta juye duka a kwatarniya ɗaya, don ita kaɗai gare ta, ta wuce wajen ɗiban ruwa. Awo dai ya yi daidai. Rabon ne aka bar wa shanu, su kuwa shanu ba su yi nisa a lissafi ba.

Ranar farko Kyalla ta shinshina, ta lasa, ta lumshe ido. Daga nan ta gitta jikinta a gaban kwatarniyar kamar an ba ta gadinta.

"Matsa mini, 'yar nan," in ji Wule. "Gwangwani guda nawa ne, rabi naki."

"Haba Gwaggo! Ke da haƙoranki suka ƙare, me za ki yi da angurya? Ni fa mu biyu ne, ni da na cikina."

"Ni ma mu biyu ne. Nawa ma ga shi can a waje yana kuka."

"To ai ya riga ya fito, ya ci ciyawa mana."

Carki ya leƙo daga kan tozon Wule. "Ɗan sati biyu ne zai ci ciyawa? Ranki ya daɗe, wannan sabon ilimi a ina kika karanto shi?"

"Kai kuma ci kaskarka ka yi mana shiru!" in ji Kyalla, ta kaɗa ƙaho. Wule ta ja da baya. Ta daɗe da sanin cewa guzuma ba ta ribar karo da matashiya. Ta jira aka gama, ta lashe abin da ya maƙale a gefen kwatarniya.

Haka aka yi ta yi har wata uku.

Kyalla ta yi ɓul-ɓul. Fatarta na sheƙi kamar an shafe ta da man shanu, gindin wutsiyarta ya cika har ya yi tudu. Harawa kuwa ta daina kallonta. "Abincin talakawa," in ji ta. Masu wucewa zuwa kasuwa sukan tsaya su ce, "Tubarkalla! Hajjo, me kike ba wannan?" Kyalla takan juya musu ɗaya gefen, don kada a ce an ga rabi an bar rabi.

Wule kuma ta rame. Nononta ya ja baya, ɗanta ya zama ana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin shinge. Hajjo ta dube su ta ce tsufa ne. Tsufa bai yi musu ba, don ba a tambaye shi ba.

Wata safiya Carki ya sauka a bayan Kyalla, ƙafarsa ta zame saboda santsi. Da ya daidaita sai ya ce, "Hajiya, ni dai na zauna a bayan shanu da yawa. Na taɓa zama a kan wata mai irin wannan jikin a garken gabas."

"Ta kai ni kyau?"

"Ta kusa. Ranar haihuwarta ne dai ban ji daɗin kallo ba."

"Baƙin ciki ne ke damun ku, kai da tsohuwar taka."

Wule ta ɗago kai daga harawa. "Ni ba na baƙin ciki da ƙibarki, yarinya. Na haihu sau takwas, na san ƙofar da ɗa ke fitowa ba ta son cunkoso. Ki rage, ko don na cikinki."

"Wato in rage ki ƙara. Na gane, Gwaggo."

Wule ta mayar da kai kan harawarta.

Naƙuda ta kama Kyalla wata Talata da hantsi. Azahar ta yi, ba labari. La'asar ta gabato, ƙafafu biyu kawai suka leƙo suka tsaya. Ɗan ya yi girma, hanya kuma kitse ya matse ta. Hajjo ta aika aka kira malamin dabbobi, shi da ita da maƙwabta biyu suka ɗaura igiya suka yi ta ja a hankali, har aka zaro wata ƙatuwar maraƙa da ko kai ba ta iya ɗagawa.

Malamin ya share gumi, ya dubi Kyalla da ke kwance tana haki. "Hajjo, rabin gwangwani ne ya yi wannan?"

"Wallahi Malam, ko ƙwaya ban taɓa ƙarawa ba."

Ya waiga ya ga haƙarƙarin Wule. Ya ga na ɗanta. "Kwatarniya nawa gare ki?"

"Ɗaya."

"To," in ji shi. Hajjo ta kama baki, don ita ma a lokacin ta gama lissafin.

Kyalla ta kasa tashi. Aka kawo mata dusar nan har gabanta, ta kau da kai. Ita da ba ta taɓa ƙin abinci ba tun da aka haife ta, yanzu ƙamshinsa ma tayar mata da zuciya yake. Hajjo ta durƙusa ta tatso ɗan dakashi, wato nonon farko mai kauri da jariri ba ya yi sai da shi, ta ɗura wa maraƙar. Bayan wannan, hantsar da kowa ya zaci za ta cika ƙwarya uku ba ta ba da abin da zai jiƙa gindin ƙwarya ɗaya ba.

Kwana biyu maraƙar na kuka. A na uku ta daina, wanda ya fi kukan muni.

Makiyaya sun san saniya ba ta shayar da ɗan da ba nata ba. Ta shinshina ta ji baƙon wari, sai harbi. Amma sun san dabara ɗaya. Hajjo ta daka gishirin manda, ta jiƙa bayan maraƙar, ta barbaɗe ta da shi tun daga wuya har wutsiya. Ta ɗauke ta ta ajiye a gaban Wule, ta koma gefe ta tsaya. In saniya ta lashi ɗa har warinta ya hau jikinsa, ta karɓe shi ke nan. In ta ƙi, babu mai sa ta dole.

Wule ta shinshina. Ta juya baya.

"Gwaggo," in ji Kyalla daga inda take kwance. Muryarta ta zama 'yar ƙarama. "Gwaggo, don Allah."

"Ɗana ya yi wata uku yana tsotsar iska," in ji Wule, ba ta waigo ba. "Da na yi magana, ce mini aka yi ya ci ciyawa."

"Na faɗa. Ni na faɗa, ni na ci. Ita ba ta ci komai ba, Gwaggo. Ko tsayuwa ba ta taɓa yi ba."



Wule ta daɗe tana tuƙa. Sannan ta juyo a hankali, ta sunkuya, ta kai harshe bayan maraƙar. Ta lasa sau ɗaya. Ta sake. Ta bi ta tun daga kunne har ƙafa, ta tura ta da hanci zuwa hantsarta.

"Kada wani ya yi mini wata fassara," in ji ta. "Gishiri nake lasa. Na daɗe ban samu ba."

"Mun shaida," in ji Carki.

Washegari Hajjo ta samo kwatarniya ta biyu, ta kuma riƙa tsayawa da sanda har a gama ci. Wule ta fara samun gwangwaninta cikakke, karo na farko tun da aka rubuta mata shi. Kafin sati uku nononta ya dawo, ya ishi ɗanta, ya ishi baƙuwar, har Hajjo na samun na fura. Ashe dusar ba ta da laifi ko kaɗan.

Kyalla ta miƙe a rana ta tara. Kitsen ya zube ya bar ta da fata kamar rigar aro. Da damina ta faɗi garke ya dawo, sa'o'inta duk suka ɗauki ciki, ita ba ta ɗauka ba sai da shekara ta zagayo. Maraƙar, wadda Hajjo ta sa wa suna Manda, ta rayu, amma ta daɗe tana zuwa ƙarshe a duk inda maruƙa suka yi tsere. Abin da aka ci a wata uku, sai da aka shekara biyu ana jin sa a jiki.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. Manda ta tashi tana kiran Wule "Inna", tana kiran Kyalla "Yaya". Kyalla ba ta taɓa gyara mata ba. Wule ce dai kullum da rana, in an kwanta a inuwa, takan ture Manda da hanci ta ce, "Tafi can wajen waccan ki kwanta, kin cika ni da zafi." Manda takan je, Kyalla ta yi ta lasar ta har ta yi barci.

Wata rana Carki ya ce wa Wule, "Gwaggo, wannan gishirin fa tun ranar farko ya ƙare, ga shi wata na biyar kina lasa."

"Manda ce," in ji Wule. "Tana daɗewa a harshe."

Darasin da za mu ɗauka a nan, yara, shi ne: abu mai amfani yana da awo, kuma wanda ya haɗa da rabon wani bai ƙara wa kansa lafiya ba, wahala ya tara wa kansa da wanda bai ma zo duniya ba tukuna. In kuma an ba ku aikin rabo, kada ku tsaya ga auna daidai, ku tsaya ku ga kowa ya ci nasa. Sannan wanda kuka ture yau a bakin kwatarniya, ku ture shi a hankali, don ba kowace guzuma ce ke son gishiri kamar Wule ba.