Manomin da Yake Komawa Farkon Waƙa

A wani ƙauye akwai wani mutum, manomi, wanda fartanya ta kumbura masa yatsu har ɗaya zai iya danne tsirkiyar jita uku. Saura mako biyar Kirsimeti, sai mai kaɗa jita na ikkilisiyarsu ya ƙaura birni. Da fasto ya tambaya ko akwai mai iyawa, mutumin nan ya miƙe ya ce, "Tsirkiya shida kawai? Ku bar mini." Aka tafa masa. Bai taɓa riƙe jita ba.

Wani malamin makaranta ya nuna masa wurare uku da zai sa yatsu, da waƙar haihuwar Yesu mafi sauƙi, ta makiyayan da suka je Baitalami. Kullum sai ya zauna bayan rumbu yana koyo. Amma duk sa'ad da yatsa ya kuskure, sai ya ja tsaki ya koma farko. Layin farko ya sha kiɗa har awakin gidan suka haddace shi. Ƙarshen waƙar kuwa bai taɓa kaiwa ba.

Matarsa ta ce, "Maigida, waƙar nan ba ta da ƙarshe ne?"

Ya ce, "Ke dai ji da tuwonki. Ba na kai wa Ubangiji abu mai aibi."

Ranar Kirsimeti majami'a ta cika, surukansa a bencin gaba. Ya fara, jama'a suka ɗauka. A layi na biyu yatsa ya zame, jita ta yi ƙara kamar kazar da aka taka. Ya tsaya. Ya koma farko, jama'a suka koma tare da shi. Ya sake zamewa a wurin nan. Da ya zame sau na uku, jama'a suka daina waƙa. Gumi yana ɗiga a kan tsirkiya. Fasto ya ƙura wa rufin kwano ido. Mutumin ya fara cire igiyar jita daga wuyansa.

Sai shugabar zumuntar mata, wata tsohuwa, ta taso ta tsaya a bayansa. Ta ce, "Ɗana, sau uku ke nan kana tashin makiyayan nan daga jeji, ba ka bar su sun kai Baitalami ba. In ka kuskure, wuce. Muna riƙe da kai."

Ta ɗaga murya, mata suka bi. Ya kuskure sau bakwai, muryoyi suka rufe, har suka kai ƙarshe da shi.

To, ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Waƙar ita ce bin Almasihu. Muryoyin nan alherin Allah ne a bakin ikkilisiya. Manomin kuwa yana zaune a nan yau, wataƙila a kan bencinka. Kowace sabuwar shekara yana fara Littafi Mai Tsarki daga Littafin Farawa, da ya yi fashin kwana biyu sai ya rufe, ya jira wata shekara. In ka faɗi, tuba, ka tashi daga inda ka faɗi. Ubangiji ya ji layinka na farko sau dubu. Sauran waƙar yake jira.