Ƙoshiyar da Kwamared Ya Ƙi Saki

Akwai wani ɗan gurguzu a wata masaƙa, kowa Kwamared yake ce masa. Ku masu cewa labaraina duk zolaya ne, kun ci mini fuska, amma na yafe. Ku saurara.

Shi ya kafa ƙungiyar ma'aikata a ɗakin cin abinci, kan benci uku. Kullum maganarsa ɗaya: masaƙa ta masu gumi ce. Ya kuma kawo doka: a taro, wanda ke riƙe da tsohuwar ƙoshiyar saƙa shi kaɗai ke magana, in ya gama ya miƙa wa na kusa, ko mai gadi ne.

Da suka yi nasara a yajin aiki sau biyu, sai kansa ya kumbura. Ni ma na san ciwon, farin jini ba sauƙi.

Ranar ƙuri'ar yajin aiki na uku, ya riƙe ƙoshiya awa biyu. Iya mai shara ta ɗaga hannu har ya yi sanyi.

"Ɗan nan, ba ni minti biyu."

"Iya, ana maganar juyin juya hali, ba ta tsintsiya ba!"

Aka yi dariya. Ta sauke hannu.

Ashe ita ke share sito, ta ga yadi jibge har rufi, ba a sayar ba tukuna. So take ta ce a jira kaya su ƙare. Aka tafi yajin aiki, masu masaƙa suka yi ta sayar da na sito wata huɗu. Yunwa ta karya yajin, aka kori mutum sittin, har da shi.

Shekara ashirin yana gyaran keken ɗinki a wani lungu. In jiniyar masaƙa ta yi kuka, sai ya ajiye sukudireba ya saurara. Abu ɗaya yake so: ya nemi gafarar Iya a ɗakin da ya kunyata ta.

Ranar da ya iya zuwa taron ƙungiyar, ya zauna a bencin baya. Shugabar yanzu 'yar Iya ce. Ta taso da ƙoshiyar, wadda hannuwa suka goge har tana sheƙi.

"Baba, ka makara. Iya ta rasu bara. Amma ta bar saƙo: in mai dogon bakin nan ya zo, a ba shi minti biyu."

Ya karɓa da hannu biyu. Mutumin awa biyu, kalma huɗu kawai ya faɗa.

"Ita ce da gaskiya," ya ce.

Ya waiga, ya miƙa wa mai sharar da ke tsaye bakin ƙofa.

Darasi: In kana yaƙi don talaka, bar shi ya yi magana, kuma ka nemi gafara tun mai ita na da rai. Ku tura wa shugabannin ƙungiyoyinku, amma ku ce daga wurina ya fito, kada a sace mini.